Naƙasar zuciya da kansar hular ƙoda: me ya haɗa su?

Idan likita ya shaida wa iyaye cewa an haifi jaririnsu da rami a zuciya, hankalinsu gaba ɗaya kan ƙirjin yaron yake komawa: numfashinsa, shan nononsa, da inda za a samu a yi masa aiki. Ba mai kawo zancen ƙoda, balle wata ƴar tsoka da ke zaune a kanta, wadda da yawa daga cikinmu ba su ma san suna da ita ba. To amma likitocin yara sun daɗe suna cin karo da wani abu da ke ɗaure musu kai. Jefi-jefi sai a kawo yaro mai naƙasar zuciya, a je ɗaukar hoton cikinsa, a tarar da ƙari a wannan tsoka. Wani lokacin kuma mai ƙarin ake kawowa, a duba zuciyarsa kafin a fara ba shi magani, a iske ita ma ba daidai take ba. Shin katari ne kawai, ko akwai abin da ya haɗa cututtukan biyu?

Hanyoyi biyu masana ke zato. Ta farko ta koma can cikin mahaifa, makonnin farko na ɗaukar ciki. Ita ta fi daɗin labari, sai dai hujjarta har yanzu da rauni. Ta biyu ba ta yi suna kamar ta farko ba, amma ta fi ta tsayuwa da ƙafafunta, kuma ita ce ta fi shafar ƙasa irin tamu, inda aikin zuciyar yaro kan zo a makare, in ma ya zo.

Tsokar da ake magana

Kowane mutum yana da guda biyu, ɗaya a kan kowace ƙoda, ta zauna mata kamar hula. Likitocinmu na ce mata surenal da Faransanci, wato ta saman ƙoda. Mu za mu kira ta hular ƙoda. Nauyin kowace ga babban mutum bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, kuma a lulluɓe take cikin kitsen ƙoda.

Duk da ƙanƙantarta, abu biyu ce a haɗe, kamar dabino da ƙwallonsa. Ɓawon yana fitar da sinadaran da ke daidaita gishiri da sukari a jini. Tsakiyar kuwa ita ke fitar da adirenalin, sinadarin nan da ke sa gabanka ya faɗi, zuciyarka ta hau dukan uku-uku, zufa ta karyo maka, ranar da ka kusa taka maciji a gona. Ɓawon da tsakiyar ba asalinsu ɗaya ba. Kansar ɓawo ba ta cika faruwa ba, mutum ɗaya ko biyu cikin miliyan a shekara, kuma ba ta da wani babban rabo cikin wannan labari. Tsakiyar ce abin dubawa, domin ƙari iri biyu ke fitowa daga irin ƙwayoyinta. Na farko shi ne neroblastom, kansar ƙananan yara: kusan 9 cikin 10 na masu ita ba su kai shekara biyar ba, kuma kusan rabin lokaci a hular ƙoda take somawa, sauran a jijiyoyin da ke bin gefen ƙashin baya. Na biyu shi ne feyokromositom, wanda ya fi kama manya.

Kafin a je ko'ina, a riƙe lissafi guda. Naƙasar zuciya ita ce kan gaba cikin naƙasun da ake haihuwar yara da su: jarirai 8 zuwa 9 cikin dubu, kusan ɗaya cikin ɗari ke nan. Neroblastom kuwa, a ƙasashen da ake ƙidaya sosai, kusan yaro ɗaya cikin dubu 7 take kamawa. Saboda haka ko babu wata alaƙa, idan aka tara yara ɗari masu neroblastom, dole a samu ɗaya ko makamancin haka mai naƙasar zuciya. Ganin cututtukan biyu a jikin yaro guda ba hujja ba ce. Tambayar ita ce ko suna haɗuwa fiye da yadda katari zai haɗa su.

Ƴan ci-ranin cikin mahaifa

A mako na huɗu bayan shigar ciki, lokacin da mace ba ta daɗe da lura da ɓatan watanta ba, ɗan tayi bai fi ƙwayar riɗi girma ba, amma zuciyarsa ta riga ta fara bugawa tun wajen kwana na 22. A bayansa akwai wani faifai na ƙwayoyin jiki, wato ƙananan tubalan rai da ake gina kowace gaɓa da su. Faifan nan yana naɗewa kamar yadda ake naɗe tabarma, ya zama bututu, kuma bututun ne zai zama ƙwaƙwalwa da laka. A daidai inda bakin nan biyu suka haɗu, sai wasu ƙwayoyi su ɓalle. Masanin halittar jiki Wilhelm His ne ya fara bayyana su a 1868, cikin ɗan tayin ƙwan kaza. Da yake a ƙololuwar bututun suke jere, an sa musu suna da ke nufin zanko, irin na zakara. Zankon jijiya ke nan.

Abin mamakin waɗannan ƙwayoyi shi ne ba sa zama inda aka haife su. Ci-rani suke tafiya, kowane ayari da inda ya nufa, kuma inda suka sauka nan suke koyon sana'a. Wasu su shiga fata su zama masu ba ta launi, baƙin fatarmu aikinsu ne. Wasu su gina ƙasusuwan fuska da muƙamuƙi da cikin haƙora. Wasu su bi hanji tun daga sama har ƙasa, su zama jijiyoyin da ke tura abinci. Wani ayari ya gangara ya shige tsakiyar hular ƙoda. Wani kuma ya nufi zuciya.

Ta yaya aka san haka, alhali ba mai iya bin ƙwaya ɗaya da ido? Wata Bafaranshiya, Nicole Le Douarin, ta gano a 1969 cewa ƙwayoyin jikin tsuntsun salwa suna da wata alama da ake gani a madubin likita, wadda na kaza ba su da ita. Sai ta riƙa ɗebo ɗan yanki daga tayin salwa tana dasawa a tayin kaza, ta rufe ƙwan, bayan kwanaki ta duba inda baƙin suka sauka. Da wannan dabara aka zana taswirar tafiyar zankon jijiya kusan gaba ɗaya.

Batun zuciya kuwa sai a 1983 ya fito fili, a hannun wata Ba'amurkiya, Margaret Kirby. Da farko mafitar jini daga zuciyar ɗan tayi bututu ɗaya ce. Dole a raba ta gida biyu, ɗaya ta kai jini huhu ya ɗauko iska, ɗaya ta kai shi sauran jiki. Kirby ta cire wani yanki na zankon jijiya daga tayin kaza, can wajen wuya, sai ga zukatan sun fito da bututu ɗaya, ba a gina katangar da ke raba shi ba. Ashe maginan katangar baƙi ne, daga baya suka zo. A jikin ɗan Adam ana wannan gini tsakanin mako na biyar da na takwas. Idan ya samu tangarɗa, sai a haifi yaro da mafita ɗaya, ko da mafita biyu da ba a raba daidai ba. Mafi shahara cikin irin waɗannan ita ce cutar da likitan birnin Marsey, Étienne-Louis Fallot, ya yi wa cikakken bayani a 1888, wadda ake kira da sunansa: hanyar huhu ta matse, ga rami tsakanin ɗakunan ƙasa na zuciya, sai jinin da bai ɗauki iska ba ya riƙa zagaya jiki.

Daga nan tunanin ya samo asali. Idan gari ɗaya ne ya tura magina zuciya, ya kuma tura wasu hular ƙoda, to abin da ya samu garin tun kafin su taso zai iya bayyana a wuraren biyu: can a bar katanga ba a gama ba, nan kuma ƙwayoyin su ƙi girma su kama sana'a, su yi ta hayayyafa a matsayin jarirai. Neroblastom kuwa ba komai ba ce illa haka. A 1974 likita Robert Bolande ya tara cututtukan da suka samo asali daga zankon jijiya ƙarƙashin suna guda, domin a riƙa kallonsu a matsayin dangi.

Dangantakar ba tatsuniya ba ce, akwai inda ta tabbata. A 2003 masu bincike na asibitin yara na Necker da ke Paris sun gano cewa tangarɗa a wata ƙwayar gado mai suna PHOX2B ce ke haddasa wata cuta da jariri ke daina numfashi yadda ya kamata in ya yi barci. Wasu daga cikin waɗannan yara ana haihuwarsu da ƙarshen hanji marar jijiya, ba sa iya kashi, wasu kuma neroblastom ke kama su. Gaɓoɓi uku masu nisa da juna, asali ɗaya.

Akwai kuma wani magani da ya taɓa ɓangarorin biyu ta hanya mai ban al'ajabi. Sunansa izotiretinoyin, ɗan uwan bitamin A ne, ana ba da shi ga masu ƙurajen fuska masu tsanani. Tun cikin shekarun 1980 aka tabbatar cewa idan mace ta sha shi a farkon ciki, yana ɓata tafiyar zankon jijiya, a haifi yaro da naƙasar kunne, fuska da mafitar zuciya. Wannan maganin dai shi ake ba yara masu neroblastom mai tsanani a ƙarshen jiyyarsu, domin yana tilasta wa ragowar ƙwayoyin kansar su girma su daina hayayyafa. Abin da ke rushe gini a mako na biyar, shi ne ke ladabtar da ƙari a shekara ta uku.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Zankon jijiya dogo ne, tun daga kai har ƙugu. Maginan zuciya daga unguwar wuya suke tasowa, na hular ƙoda kuwa daga can ƙasa, wajen tsakiyar baya. Gari ɗaya ne, amma unguwanni daban, kuma ba rana ɗaya suke kama hanya ba. Ban da haka, yawancin ramukan zuciya da ake gani kullum, ƙananan nan da ke jikin bangon tsakanin ɗakuna, ba zankon jijiya ne ke da alhakin gina wurin ba.

Da aka je ƙirga

A 2004 wasu likitocin Boston a Amurka suka fitar da binciken da ya tayar da ƙura. Sun duba takardun yara 158 masu neroblastom. Cikinsu 70 ne aka yi wa eko na zuciya, kuma 14 daga cikin 70 ɗin, kashi 20 cikin 100 ke nan, an same su da wata naƙasa. Da aka gwada da yara 192 masu kansar jini, 7 kawai aka samu, ƙasa da kashi 4. Ratar tana da girma, har suka ba da shawarar a riƙa duba zuciyar duk yaron da aka samu da neroblastom.

Bayan shekara biyar, a 2009, likitocin Amsterdam a Holand suka yi nasu. Sun yi wa mutum 119 da suka rayu bayan neroblastom eko, biyu kawai suka samu da naƙasa, ƙasa da kashi 2. Suka kuma tattara bincike 17 da aka yi a baya, suka ga alƙaluman sun tashi daga sifili har kashi 20. Hukuncinsu shi ne babu hujjar da ta isa a ce akwai alaƙa.

Kowanne da inda ya gaza. A Boston, fiye da rabin yaran ba a duba zuciyarsu ba, kuma ba mamaki waɗanda aka duba sun haɗa da waɗanda dama ake zargin wani abu a ƙirjinsu. Idan aka raba 14 ɗin da 158, lissafin ya sauko kashi 9. Sannan masu neroblastom sun fi masu kansar jini ƙuruciya, jariri kuwa kan zo da ƙananan ramuka da ke toshewa da kansu kafin ya yi wayo. Na Amsterdam kuma waɗanda suka rayu kaɗai suka duba, mai yiwuwa wasu masu cututtukan biyu sun riga sun rasu ba a ƙirga da su ba.

Akwai wata matsalar da ta fi waɗannan zurfi, wadda ta fito daga halin neroblastom kanta. Ita kansa ce da a jikin jariri kan iya shanyewa ta ɓace ba tare da magani ba. Tun a 1963 wasu likitoci biyu a Amurka, Beckwith da Perrin, suka ba da rahoton cewa a binciken gawar jariran da wata cuta daban ta kashe, suna samun ƙananan ƙullutai masu kama da neroblastom a hular ƙoda, ninkin-ba-ninkin adadin yaran da cutar ke bayyana gare su. Ƙasar Japan ta ga wannan da idonta. Daga tsakiyar shekarun 1980 ta riƙa gwada fitsarin jarirai ƴan wata shida a duk faɗin ƙasar. Adadin waɗanda aka gano ya haura sosai, aka yi wa da yawa tiyata, amma binciken da aka yi a Jamus da lardin Kebek na Kanada, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna irin wannan gwaji bai rage mace-mace ba. A 2004 Japan ta dakatar da shirin.

To a duba yaro mai naƙasar zuciya a ƙasar da ke da kayan aiki. Tun ranar haihuwa ake ta ɗaukar hotonsa, eko yau, radiyo gobe, sikana jibi. Ƙarin da zai zo ya wuce a ɓoye a jikin wani yaro, a jikinsa sai an gan shi. Mai yawan leƙe shi ke yawan gani.

Wani babban bincike na ƙasar Suwidin da ya fito a 2019 ya bi kusan mutum dubu 22 da aka haifa da naƙasar zuciya, ya samu cewa haɗarin kamuwa da kansa, kowace iri, ya ninka na sauran jama'a sau biyu da ɗoriya tun suna yara har zuwa ƙuruciyar manyantaka. Ninki biyu na abin da dama kaɗan ne: kusan 2 cikin 100, sauran 98 ba abin da ya same su. Dalilan kuma a cakuɗe suke. Akwai hasken radiyo da sikana da suke sha tun suna jarirai. Akwai kuma cututtukan gado da ke zuwa da abu biyun a tare, kamar cutar Down, mai zuwa da ramin zuciya da haɗarin kansar jini, da cututtukan Noonan da Costello, masu taɓa ƙyauren zuciya ko tsokarta, waɗanda kuma aka san suna ƙara haɗarin neroblastom. A ganina nan ne gaskiyar hanya ta farko ta tsaya a yau: ga wasu ƴan tsirarun yara masu wata tangarɗar gado takamaimai, alaƙar tana nan. Ga yawancin masu ramin zuciya, ba a nuna ta ba.

Ƙishirwar iska

Hanya ta biyu bayan haihuwa take farawa, kuma shekaru take ɗauka.

Ba duk naƙasar zuciya ce ke rage iskar oksijen a jini ba. Amma akwai masu yin haka, irin su cutar Fallot, inda jinin yaro kullum a ƙishirce yake. Lafiyayyen mutum, in aka maƙala masa ƴar na'urar nan a yatsa, za ta nuna 95 zuwa sama. Waɗannan kuwa suna iya shekara da shekaru a 80 da wani abu.

Ƙwayoyin tsakiyar hular ƙoda, da ƴan uwansu da ke wuya a jikin jijiyar da ke kai jini kai, waɗanda su ma ƴaƴan zankon jijiya ne, suna da saurin jin ƙarancin iska. Na wuyan ma aikinsu ke nan, su ɗanɗana jini su gaya wa ƙwaƙwalwa a ƙara numfashi. Idan ƙarancin ya daɗe, sai su ƙaru. An ga haka a ƙasar Peru tun 1973: mutanen da ke zaune can saman duwatsun Andes, inda iska ba ta da kauri, ƙarin wannan tsoka ta wuya ya fi yawa gare su kusan ninki goma kan mazauna bakin teku.

A 2015 wani rukunin likitoci ƙarƙashin Alexander Opotowsky na Boston ya tattara mutum 20 masu naƙasar zuciya da aka samu da feyokromositom ko ɗan uwansa da ke fitowa a wajen hular ƙoda. Cikinsu 18 masu irin naƙasar nan ne mai rage iska. A matsakaici sun yi kimanin shekara 20 cikin wannan hali, kuma an gano ƙarin suna wajen shekara 30 da haihuwa. Da suka duba kundin marasa lafiyar da aka kwantar a asibitocin Amurka, sai suka ga samun wannan ƙari ya ninka kusan sau shida ga masu naƙasa mai rage iska, alhali ga masu naƙasar da ba ta rage iska bai ƙaru ba. Wannan bambanci shi ne muhimmi. Da asalin cikin mahaifa ne kaɗai, da ba za a ga iska ce ke raba su ba.

A 2018 aka leƙa cikin ƙarin kansa. Cikin marasa lafiya biyar, huɗu an samu ƙarinsu da sauyi a ƙwayar gado mai suna EPAS1. Wannan tana cikin makunnin da jiki ke kunnawa idan iska ta yi ƙaranci, tsarin da gano shi ya ba William Kaelin, Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. Ita ce kuma ta bambanta a jikin mutanen Tibet, har suke zama lafiya a kan tsaunuka. A cikin ƙarin, makunnin ya maƙale a kunne. Sauyin a ƙarin kaɗai aka same shi, ba a sauran jiki ba, wato ba gadonsa suka yi ba, kuma ba za su gadar wa ƴaƴansu ba. Mutum biyar ba yawa ba ne, amma abin ya dace da sauran hujjojin. Likitocin Landan ma sun ba da rahoton irin wannan sauyi a ƙarin wasu ƴan tsirarun masu cutar sikila, wadda ita ma ke barin jiki cikin ƙarancin iska. Adadin ya yi kaɗan a gina hukunci a kai, sai dai ga yankinmu da sikila ta yi yawa, abin a sa wa ido ne.

Abin da ya shafe mu

A Turai da Amurka yaro mai cutar Fallot yawanci kafin ya cika shekara ake yi masa aiki, ƙishirwar jininsa ta ƙare. A nan kuwa, yaron Maraɗi, Damagaram ko Tawa sai an fara gano cutar, a tura shi Yamai, sannan a shiga jiran tawagar likitocin zuciya ko damar fita waje. Wasu har su girma ba a yi ba. Su ne ainihin waɗanda hanya ta biyu ke magana a kansu.

Turawa na ce wa irin wannan naƙasa cutar shuɗi, amma a baƙar fata shuɗin ba ya fitowa a fuska. A harshe, dasashi, cikin leɓe da farce ake duba shi, za a ga sun yi duhu ko toka-toka, musamman in yaron yana kuka ko shan nono. Jaririn kan gaji da tsotso, ya yi zufa a goshi, ba ya ƙara nauyi. Wanda ya fara tafiya kuwa, in ya ɗan yi gudu sai ya tsugunna, domin tsugunnon na ƙara tura jini huhu. Da daɗewa kan yatsunsa su kumbura kamar makaɗin ganga.

Ga saurayi ko budurwa ko magidancin da ya taso da wannan lalura, alamun feyokromositom su ne ciwon kai mai tsanani da ke zuwa farat ɗaya, tare da zufa da bugun zuciya, jini ya hau sama sannan ya sauka. Matsalar ita ce duk wanda ya ji haka ga mai ciwon zuciya, zuciyar zai ɗora wa laifi. Ana tabbatar da shi ta gwajin jini ko fitsari da ke auna ragowar adirenalin, sannan a ɗauki hoton ciki. Yawancin irin wannan ƙari bai bazu ba lokacin da ake gano shi, kuma cire shi na warkarwa. Haɗarinsa yana ga rashin sanin yana nan: idan aka sa wa mai shi maganin barci domin wata tiyata, ko mace mai shi ta zo naƙuda, jini na iya hawa har ya yi kisa. Ko wasu magungunan rage bugun zuciya, irin su furofaranolol, da aka saba ba masu ciwon zuciya, in aka ba da su su kaɗai ga mai wannan ƙari suna iya ƙara hawan jinin. Shi ya sa ba a sayen su a bakin kasuwa don an ji gaba na faɗuwa.

Ta ɓangaren ƙananan yara kuwa, ko da ciwon zuciya ko babu, kumburin ciki mai tauri abin kai wa asibiti ne. Mun saba ɗora shi kan saifa, tamowa ko tsutsar ciki, kuma sau da yawa hakan ne. Amma idan hannu ya ji dunƙule mai tauri a gefe ɗaya, yaro na ramewa, zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, yana kukan ƙafa ko ya daina tafiya, ko kewayen idonsa ya yi baƙi kamar an naushe shi, ko idon ya turo, to eko na ciki ake buƙata, ba tsaga ko sakiya ba. Ba lallai neroblastom ba ce. A yankinmu kansar ƙoda ta yara da kansar Burkitt sun fi ta yawa a asibitoci, kuma dukansu biyu suna jin magani in an zo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu kansa suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba, kuma zuwa a makare na cikin manyan dalilai.

Iyaye mata kan tambayi kansu ko wani abu suka ci ko suka yi. Game da neroblastom, ba a san wani abinci ko aikin uwa da ke kawo ta ba, kuma kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai ke bin dangi. Game da naƙasar zuciya, yawanci ba a gano dalili, amma akwai ƴan abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari: ciwon sukari da ba a daidaita ba kafin ɗaukar ciki, kamuwa da rubela, wato ƙyandar nan mai sauƙi, a watannin farko, giya, da wasu magunguna irin wanda muka ambata da wasu na farfaɗiya. Duk ginin zuciya yana kammala ne kafin ƙarshen wata na biyu, tun kafin yawancin mata su je awon farko. Saboda haka macen da ke da ciwon sukari ko take shan magani na dindindin, lokacin ganin likita shi ne tun tana shirin ɗaukar cikin, kuma kada ta dakatar da maganin farfaɗiya da kanta kafin ta gan shi.